Ƙuri'a Ɗaya da Dutse na Huɗu

Jiya Talata na ba da haƙuri a kan laifin da ban aikata ba, a gaban mutumin da ya kamata a ce shi ne ya ba ni haƙuri, kuma isansin zuwa da na dawowa daga aljihuna ya fito. Isansin ma, wato man fetur, sai da na bi layi tun fitowar rana har hantsi ya dubi ludayi, a gaban teburin mai kwalabe, domin motocin 'yan takara sun shanye na garin Madarumfa kaf a cikin sati uku, suna zagaya mu da lasifika suna yi mana albishir cewa wahala ta ƙare. Na samu lita biyu, kuma ina zargin rabin lita a ciki ruwan tafki ne. Bari dai in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku ce Mushe Ɗanlami, malamin makarantarku, ya fara zautuwa.

Kun san an yi zaɓe. A ƙauyenmu, can bakin tafki, akwati ɗaya gare mu, kuma kusan duk mai jefa ƙuri'a a cikinsa ɗan'uwana ne, in ba ta jini ba to ta aure. 'Yan takara biyu ne masu motsi. Na farko shi ne Mai Girma, garkuwar talakawa, inuwar marayu, rijiya mai ba da ruwa in an yi haƙuri, wanda muke kira Alhaji An-Kusa a bayan idonsa, don duk abin da ka tambaye shi amsar ke nan. Hanya fa, ranka ya daɗe? An kusa. Wutar kuran fa? An kusa. Alamar jam'iyyarsa kwando ce, kuma ban taɓa ganin jam'iyyar da ta faɗi gaskiya a kan kanta kamar wannan ba. Zuba mata ruwa ka gani. Ta biyu kuwa wata ungozoma ce da ta aje aiki a gidan likita, mai alamar tsani. Rabin matasan ƙauyenmu ita ta yanke musu cibiya, amma wannan bai sa an yarda za ta iya zama a kan kujera ba.

Abin da ke tsakaninmu da Mai Girma shi ne injin ban-ruwa. Danginmu na da garka a bakin tafki, ana noman albasa da tumatir da salati, kuma tun zamanin kakanni da bokiti ake shayar da ita. Mai Girma ya yi mana alkawarin inji mai aiki da hasken rana zaɓe uku da suka wuce. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai cika alkawari gwargwadon hali: duk bayan zaɓe yakan zo da makaɗa da 'yan rediyo, a dasa dutsen tushe a cikin garkar, na siminti, mai allon ƙarfe ɗauke da sunansa. Yanzu duwatsu uku gare mu. Da siminti na fitar da ruwa, da mu muke ba tafki rance.

Bana sai ya ƙaro sharaɗi. Ya ce akwatin da ya fito fari tas, babu ɗigon kowa sai nasa, shi za a fara kai wa injin. Gidanmu kuwa gidan gandu ne har gobe. Yaya Salisu, babban wanmu, shi ke riƙe da gona da garka da rumbu tun rasuwar mahaifinmu, kuma a fahimtarsa ƙuri'a ma amfanin gona ce: a tara ta wuri ɗaya, mai gida ya san inda zai kai. Ya miƙe a gaban jama'a ya ba da baki a kan ƙuri'un dangi duka, har da na waɗanda ke ci-rani a Najeriya. Aka ba shi sukari da ganyen shayi da hula mai hoto. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa kun san sauran.

Ni ne matsalar. Na yi jami'a, na shekara ashirin da biyu ina riƙe da alli, kuma na yi sati uku a gindin bishiyar bedin ƙofar gida ina wa'azin da ba wanda ya gayyace ni.

"Yaya," na ce, "ƙuri'a sirri ce. Doka ce ta faɗa."

"Sirri tsakaninka da wa?" in ji shi. "Ni da na ɗora ka bisa jaki na kai ka lakwal karatu kana kuka kana majina, yau ni kake ɓoye ma babban yatsa?"

Nasiru, ɗan baffanmu, mai ɗauke wa jam'iyyar kwando tuta a ƙauyen, ya saka baki. "Mushe, tsakaninka da Allah, in mace ta hau kujera, wa zai je ya gaishe ta a durƙushe?"

"Kai ai a kwance ka fara gaishe ta," na ce masa, "tsirara, kana tsala ihu, ita kuma ta juya ka ta mare ka a baya. Durƙuson ai ci gaba ne."

Aka yi dariya, amma dariya ba ƙuri'a ba ce.

Ranar zaɓe na shiga bayan labule da takardata, na dangwala wa tsani yatsa, tsaf, a tsakiyar gurbin. Da a nan na tsaya, da yau ni jarumi ne. Sai idona ya faɗa kan hoton Mai Girma yana murmushi a gefen takardar, irin murmushin ɗalibin da bai yi aikin gida ba kuma ya san ba abin da za a yi masa. Jama'a, shekara ashirin da biyu ba wasa ba ce. Ban san sa'ad da hannuna ya shiga aljihun gaba ya zaro jan bik ɗin da nake gyaran aikin yara da shi ba. Na rubuta a ƙarƙashin hoton: "Ina injin?" Na ja layi biyu. Na ba shi sifiri bisa ashirin, na zagaye. Na ninke takardar na jefa a akwati, na fito ina taku kamar wanda ya ci kasuwa.

Sai da na kai gindin bedi na tuna darasin da ni da bakina nake koya wa yara duk shekara, cewa takardar zaɓe in an yi rubutu a kanta ta lalace.

Washegari da safe aka liƙa sakamako a ƙofar aji. Kwando ɗari biyu da goma sha biyu. Tsani ɗaya. Lalatacciya ɗaya. Mutum ɗari suka karanta, har da waɗanda ba su iya karatu ba, sa'an nan duk suka juyo suka dube ni.

Lalatacciyar ba ta dami kowa ba, don tana da mai ita tun fil azal. Baba Al'amin, ƙanen kakanmu, idonsa ya yi rauni, kuma duk zaɓe yakan dangwala wa kowa da kowa don kada wani ya ji haushi. Aka ce tasa ce, aka yafe masa. Bawan Allah sai rantsuwa yake cewa bana ya dace, ya laluba kwandon da kyau, amma wa zai saurare shi? Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya yi zaɓe daidai, kuma ni na ƙwace masa ladan. Shugaban rumfar zaɓen, wani mushe mai riƙe da alli irina da aka kawo daga Gabi, shi kaɗai ya ga takardar. Ya duba, ya ninke, ya ce ta lalace, bai nuna wa kowa ba. Da zai hau babur ya raɗa mini, "Abokina, ba a gyaran kayen ɗalibai a cikin akwati." Allah ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini.

To ga inda na tsaya. Dangi sun tabbata ƙuri'ar tsani tawa ce. Ni kuma na san tawa tana cikin shara. Ashe akwai wani a cikinmu da ya yi abin da na yi sati uku ina faɗa, ya yi shi shiru, ya yi shi daidai, ya koma gida ya sha furarsa.

Bayan azahar aka kira ni zaure. Yaya Salisu na zaune a kan buzu, Nasiru a gefensa, dattawa sun jeru. A bakin ƙofar cikin gida kuma ga Gwaggo Salamatu a kan kujerarta 'yar tsugunne. Ƙanwar mahaifinmu ce, ta haura saba'in, kuma ita ce ƙarshen riƙon gargajiya a gidanmu. Har yau ba ta faɗin sunan mijinta, shekara goma sha tara da rasuwarsa. Ba ta yarda da salula ba, ba ta yarda da taki na buhu ba, ni ma ba ta gama yarda da ni ba.

"Ɗanlami," in ji Yaya, "mi munka yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba, Yaya."

"Akwati ɗaya, farin ƙyalle, ka ɗiga mishi tawada. Na ba da baki gaban mutane, ka maishe ni ƙaramin mutum. Yanzu injin ya tafi wani ƙauye. To ga magana guda. Ko ka bi ni mu tai gun Mai Girma ka ba shi haƙuri da bakinka, ko kwaminka shida na garka su koma gandu. Wanda ya hana ruwa zuwa ba shi da rabo bakin ruwa."

A nan fa wasa ya ƙare. Kwami shidan nan na shuka su ne rabona daga mahaifina. Daga cikinsu miyar gidana ke fitowa, kuma su ke riƙe ni a watannin da albashi ya ce shi ma an kusa.

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na rufe. Zan so in ce muku tausayi ne ya hana ni, don na ji Nasiru na cewa da a ɗakinsa aka samu wannan ƙuri'a da ya nuna wa mai ita iyakarta, kuma na san in na wanke kaina za a bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya da tambaya. Akwai wannan. Amma babban dalilin shi ne kunya. Yaya zan dubi mutanen da na yi wa lacca a kan 'yancin zaɓe, in ce musu ni mai digiri ban iya jefa ƙuri'a ba, Baba Al'amin ya fi ni? Gara a kira ni maci amana da a kira ni haka.

Sai Gwaggo ta yi gyaran murya. "Salisu, ni ban ga amfanin zuwa ba. Abin da ya ɓaci ya ɓaci. Ku bar bawan Allah can da injinshi, kada ku je ku tuna mishi da mu."

"Gwaggo, ai gyara za mu yi."

"Wani gyaran ɓarna ne. Shi ko wannan," ta nuna ni da carbi, "tun yana yaro bakinshi ya fi aikinshi yawa. Ku bar shi da Allah."

Na ɗauka tsabar fushi ne ya sa ba ta ma son a yafe mini. Yaya dai bai saurare ta ba, ni kuma na zaɓi kwamina. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ji masu iya magana, ko da yake su ba su sayi isansi ba.

Haka jiya na ɗauki Yaya a bayan babur muka nufi birni. Gidan Mai Girma cike yake da masu barka da maroƙa da masu jiran a tuna da su. Aka ce mu zauna, an kusa. Muka zauna daga hantsi har aka kira azahar. A cikin zaman ne na leƙa bayan rumfar motoci, na ga wani magini da yaransa suna aiki ba ji ba gani. Duwatsun tushe suke zubawa. Na ƙirga goma sha bakwai a jere suna shan rana, kowane da allonsa, sunan Mai Girma ya riga ya hau, wurin sunan ƙauye kawai aka bari fili. Na jinjina. Masu cewa ƙasar nan ba ta da masana'anta ba su zagaya bayan gidajen manya ba.

Da aka shigar da mu, Mai Girma na kishingiɗe da salula uku, yana magana a biyu. Yaya ya zube, ya faɗi sunan ƙauyenmu. Mai Girma ya dubi wani na tsaye, na tsayen ya raɗa masa wani abu.

"A'a, mutanena na bakin tafki! Yaya aikin asibitin?"

"Inji ne, ranka ya daɗe. Na ban-ruwa."

"Shi nake nufi. An kusa."

Wato bai san da akwatinmu ba, bai san da ƙuri'a ɗaya ba, sharaɗin da ya gindaya ma ya bar shi a inda ya faɗe shi. Da mun yi zamanmu a gida, da shi ke nan. Amma Yaya mutum ne mai amana. Ya zayyana masa komai dalla-dalla, ya ce ga ƙanensa nan, boko ne ya ɗan taɓa shi, ya zo neman gafara. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, abin da hannuna ya yi a bayan labule kuskure ne, kuma na yi nadama." Allah ya sani ban yi ƙarya ko ta harafi ɗaya ba.

Mai Girma ya ga mai kamara a kusa, sai ya aje salula ya miƙe, ya dafa kaina.

"Jama'a ku shaida! Wannan shi ne adawa mai tarbiyya. Ni uba ne ga kowa. Na yafe, kuma don duniya ta san na yafe, ranar Alhamis zan zo da kaina in dasa dutsen tushen injin nan. Mushe, kana da fili a garkar?"

Yaya ya riga ni. "Kwami shida, ranka ya daɗe, masu kyau, dab da hanya."

"To a nan za a dasa. Inda ɓaraka ta fito, a nan za a ɗinke."

Maroƙa suka ɗauka. Yaya har da ƙwalla. Duk hanyar dawowa yana bayana yana sa mini albarka, yana cewa na fitar da gida kunya.

Da la'asar na gangara garka don in yi ban kwana da salatina. Na tarar da Gwaggo Salamatu zaune a kan ɗaya daga cikin duwatsun Mai Girma, bokitinta a gefe, tana tsinke busasshen ganyen albasa. Sai a lokacin na lura da abin da na shekara goma sha biyar ina wucewa ban gani ba. Duwatsun nan uku duk a cikin rabonta suke, don nata ne ya fi kusa da inda mota ke iya tsayawa.

"Kun je?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Mun je, Gwaggo. Ya yafe. Zai zo jibi ya dasa dutse."

Hannunta ya tsaya. "Ina?"

"A kwamina."

Ta sauke ajiyar zuciya. "To Alhamdu lillahi. Allah ba ya barin wani don wani."

"Gwaggo?"

"Kwami bakwai tsohonku ya bar mani. Duk zaɓen da anka yi, mutumin nan ya zo da 'yan kiɗa su tattake mani albasa, su zuba siminti su tafi. Saura huɗu. Da na ji an ce in akwati ya fito fari zai dawo, na ce to ba da ni ba. Duwatsu uku ai murhu ne, na huɗu mi za a yi da shi?"

Na zauna a kan dutse na biyu. "Ke ce kika zaɓi tsani?"

"Rage murya, ɗan banza. Ni ban san tsani ba. Na dai duba inda ba kwando na aza yatsa. Ita yarinyar ma ba laifi, hannunta na da sanyi, ita ta karɓi haihuwar jikokina."

"Kika bari aka ɗora mini?"

"Kai ba so kake a ce kai ne ba? Sati uku kana roƙo gindin bedi, Allah ya ba ka." Ta dube ni ta gefen ido. "Ni abin da ban gane ba, in tawa ce ɗayar, taka ina ta shiga?"

Na faɗa mata. Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ciki ba sai jiya. Da ta nutsu ta share ido da gefen zane, ta miƙo hannu. "Kawo alƙalamin." Na zaro jan bik na ba ta, ta soke shi a ƙasa ta ɗaure masa wani tumatir da ya langaɓe.

"Yau dai ya yi aiki," in ji ta.

Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta, a gidanmu ba mai karanta abin da nake rubutawa, ko ni ne na karanta musu ba ji suke ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma ta fi dutsen ciwo.

Saboda haka gobe Alhamis akwai biki a garkarmu, kowa na da gayya. Za a yi kiɗa, za a yi jawabi, Mai Girma zai riƙe cebur na minti ɗaya don hoto. Kwami shidan da na durƙusa don in tsira da su za su koma biyar, in masu rawa sun yi adalci. Wanda zai zo ya biyo ta gefen hagu, don albasar Gwaggo na dama kuma ta ce ta tanadi sanda. Ni roƙona ɗaya ne ga maginin Mai Girma, in wannan rubutun ya isa gare shi: ya zaɓo mini mai faɗin kai, wanda ya bushe da kyau. Injin an kusa, kuma mai jira yana bukatar wurin zama.